Ɓarna Biyu da Ke Gyara Juna: Yis da Enzayim Masu Liƙa Asetil

A cikin yis ɗin da masu gidan burodi ke kwaɓa fulawa da shi akwai wata ƙwayar gado, wato yankin DNA mai ɗauke da bayanin ƙera furotin, da ake kira ECO1, wadda idan aka cire ta yis ɗin ba ya rayuwa, domin kuromosom ɗinsa ba sa rabuwa daidai a lokacin da yake tsagewa gida biyu. Wannan ba abin mamaki ba ne, tunda daga cikin ƙwayoyin gado kusan 6,000 da yis ke da su, wajen 1,000 haka suke, ba a rayuwa sai da su. Abin da ya ja hankalina tun farko shi ne abin da aka gano a 2008, cewa idan aka cire ECO1 sannan aka ƙara cire wata ƙwayar gado ta biyu mai suna WPL1, sai yis ɗin ya rayu, ko da yake ba da cikakkiyar lafiya ba. An ɓata abu ɗaya ya mutu, an ɓata biyu ya tashi. A ganina irin wannan sakamako shi ne mafi daraja a duk binciken da aka yi kan enzayim ɗin da ke liƙa asetil a jikin furotin, irin wanda ECO1 ke samarwa, domin shi ne ke nuna ainihin aikin da enzayim yake yi a cikin ƙwayar halitta mai rai, abin da auna sinadarai a kwalbar gwaji ba ya iya nunawa shi kaɗai.

Asetil ɗin kansa ɗan ƙaramin abu ne, atom biyu na kabon, uku na haidurojin da ɗaya na oksijin. Ƙwayar halitta tana ɗauko shi daga wani sinadari da ake kira asetil-CoA, wanda ke fitowa daga narkar da abinci, sannan wasu enzayim su liƙa shi a kan amino asid ɗin da ake kira laisin a jikin furotin, wasu kuma su cire shi. Laisin yana ɗauke da caji na fositif, kuma da zarar asetil ya hau kansa sai cajin ya gushe. Muhimmancin wannan ya fi fitowa a kan furotin ɗin da ake kira histon, waɗanda DNA ke naɗe a jikinsu kamar zare a mazari: histon takwas ne ke haɗuwa su zama dunƙule ɗaya, sai haruffan DNA kimanin 147 su kewaye shi, kuma kowane histon yana da wata jela da ke leƙowa waje mai cike da laisin. Tunda DNA caji na negetif ne da shi, jelar da ba ta da asetil tana manne masa sosai, wadda aka liƙa wa asetil kuwa tana sassautawa. Vincent Allfrey na Cibiyar Rockefeller da ke New York ne ya fara bayyana wannan a 1964 tare da abokan aikinsa, ya kuma yi hasashen cewa yana da alaƙa da yadda ake karanta ƙwayoyin gado. Hasashen ya yi shekara 32 yana jiran hujja. Kowa yana ganin cewa inda asetil ya yi yawa ƙwayoyin gado suna aiki, amma ba wanda ya iya cewa asetil ɗin ne ya kunna su ko kuwa kunnuwarsu ce ta jawo shi, kuma ba a kama enzayim ɗin ba balle a hana shi aiki a ga abin da zai faru.

A nan ne yis ya shigo. Yana ninka kansa cikin kimanin minti 90 idan ya samu abinci mai kyau, yana iya rayuwa da kwafi ɗaya tak na kowane kuromosom cikin 16 da yake da su, saboda haka duk ɓarnar da aka yi masa tana bayyana nan take, kuma tun farkon shekarun 1980 aka san yadda za a cire masa ƙwayar gado guda a daidai wurinta a sa wata a madadinta. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba: kwafi biyu kawai yake da su na kowace ƙwayar gadon histon, alhali ɗan Adam yana da gommai, wanda ke nufin a yis kaɗai ake iya sauya histon gaba ɗaya cikin sauƙi. Michael Grunstein na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya yi amfani da wannan dama. A 1988 ɗakin bincikensa ya yanke jelar histon H4, wadda kusan iri ɗaya ce daga yis har zuwa saniya, kuma mutane da yawa sun zaci yis ɗin zai mutu. Bai mutu ba, amma ya kasa barbara. Dalilin kuwa shi ne yis yana da jinsi biyu, kuma kowace ƙwaya tana ajiye da bayanan jinsunan biyu a wurare guda biyu da ke rufe a kan kuromosom na 3. Da aka yanke jelar sai wuraren suka buɗe, ƙwayar ta riƙa karanta bayanan jinsi biyu a lokaci guda, ta daina amsa kiran kowanne. Bayan shekara biyu aka nuna cewa daga cikin laisin huɗu da ke kan jelar, wato na 5 da na 8 da na 12 da na 16, sauya na 16 kaɗai ya isa ya lalata wannan rufewa. A 1991 kuma aka ga cewa jelar dai ita ake buƙata wajen kunna ƙwayar gadon GAL1, wadda yis ke amfani da ita idan abincinsa sukarin galaktos ne. Tun daga nan ya kamata a gane cewa lamarin ba na kunnawa da kashewa ba ne kawai, tunda jela ɗaya ce ke rufe wani wuri take kuma buɗe wani.

Enzayim ɗin sun fito fili a 1995 da 1996. Ɗakin binciken Rolf Sternglanz na Stony Brook ya gano Hat1 a yis a 1995, amma da aka cire shi ba a ga wata illa a fili ba, don haka bai warware gardamar ba. Wanda ya warware ta ɗalibi ne mai suna James Brownell a ɗakin binciken David Allis na Jami'ar Rochester, kuma ba da yis ya yi aikin ba, da wata halittar ruwa ce mai ƙwaya ɗaya da ake kira Tetrahymena, wadda histon ɗinta ke cike da asetil. Ya cakuɗa histon a cikin daskararren ruwan da ake tace furotin da shi, ya tace furotin ɗin halittar a ciki, sannan ya jiƙa shi da asetil-CoA mai tururin nukiliya, ya duba inda alamar ta maƙale. Furotin ɗaya ya bayyana, kuma da aka karanta ƙwayar gadonsa a 1996 sai aka ga ɗan'uwan Gcn5 ne na yis, wanda masu nazarin gado suka riga suka sani shekaru kafin nan a matsayin abin da ake buƙata don kunna ƙwayoyin gado idan yis ya rasa amino asid a abincinsa. Bayan kimanin wata guda ɗakin binciken Stuart Schreiber na Jami'ar Harvard ya kamo enzayim mai cire asetil daga ƙwayoyin dabbobi ta hanyar amfani da wata guba mai suna trapoxin a matsayin ƙugiya, shi ma sai ya zama ɗan'uwan wani furotin na yis ne, Rpd3, wanda Marc Vidal da Richard Gaber suka bayyana a 1991 suna cikin binciken yadda yis ke shan sinadarin fotasiyom, kuma an riga an san yana danne ƙwayoyin gado. Masu sinadarai suna riƙe da aikin enzayim ba su san amfaninsa ba, masu nazarin gado suna riƙe da amfanin ba su san aikin ba, sai a wannan shekara aka haɗa biyun. A 1998 ɗakunan Allis da Shelley Berger suka sauya 'yan amino asid a bakin aikin Gcn5 yadda furotin ɗin yana nan amma ba ya iya liƙa asetil, kuma kunna ƙwayoyin gadon ya tsaya, wanda ya rufe ƙofar cewa asetil ɗin rakiya kawai yake yi. An bai wa Allis da Grunstein lambar yabo ta Lasker a 2018 saboda wannan aiki.

Da aka fara cire enzayim ɗin ɗaya bayan ɗaya sai aka tarar da wata matsala da har yau take damun masu wannan fanni, wato yawancinsu idan aka cire su babu abin kirki da ke faruwa. Yis marar Gcn5 yana girma a hankali amma yana raye, marar Sas3 kusan lafiyarsa ƙalau, marar Hat1 ma haka. Mai gaggawa zai ce ba su da muhimmanci. Amma a 2001 aka nuna cewa idan aka cire Gcn5 da Sas3 tare yis ɗin yana mutuwa, domin dukansu biyun jelar histon H3 suke yi wa aiki, kuma kowanne yana toshe gurbin ɗan'uwansa. Cikin masu liƙa wa jelar histon asetil, Esa1 ne kaɗai cire shi ke kashewa kai tsaye. Shi ne injin wani babban gungun furotin da ake kira NuA4, wanda Jacques Côté na Jami'ar Laval da ke Kanada ya bayyana a 1999, kamar yadda Gcn5 yake injin gungun SAGA mai sassa kusan 20 da ɗakin Jerry Workman ya bayyana a 1997. Gungun ba ado ba ne, domin Gcn5 shi kaɗai a kwalba yana iya taɓa histon da ke sake amma da ƙyar yake taɓa wanda DNA ya naɗe, sai abokan gungunsa sun kai shi wurin.

Wurin da na fi ganin kyan wannan bincike shi ne bakin kuromosom, domin a can ido ma yana ganin sakamakon ba sai da na'ura ba. A 1990 Daniel Gottschling ya ɗauki ƙwayar gadon ADE2 ya dasa ta kusa da ƙarshen kuromosom. Yis ɗin da ADE2 ɗinsa ke aiki fari ne, wanda ba ya aiki kuwa wani jan sinadari ke taruwa a cikinsa. Da aka shuka wannan yis a farantin gwaji, kowace ƙwaya ta hayayyafa ta zama ɗan tudu mai faɗin ƙwayar gero ko fiye, sai tudun bai fito fari ba bai kuma fito ja ba, ya fito da tsaga-tsaga daga tsakiya zuwa baki, wani yanki ja wani fari. Duk ƙwayoyin da ke cikin tudun DNA ɗinsu iri ɗaya ne harafi da harafi, amma a wasu ƙwayar gadon a rufe take, a wasu a buɗe, kuma kowace uwa tana gadar wa 'ya'yanta halin da take ciki har tsawon zuriya da yawa kafin wata ta juya. Masu rufe wurin furotin ne uku, Sir2 da Sir3 da Sir4. Sir2 yana cire asetil daga laisin na 16 na H4, Sir3 yana kama jelar da aka tsiraita, sai ya jawo wani Sir2 ɗin ya tsiraita ta gaba, a haka rufin ke yaɗuwa daga bakin kuromosom zuwa ciki. Abin da ke tsayar da shi shi ne Sas2, wanda ke mayar da asetil a kan laisin ɗin nan dai, kuma a 2002 ɗakin Grunstein da na Masami Horikoshi a Tokyo suka nuna cewa idan aka cire Sas2 rufin yana tsallake iyakarsa ya danne ƙwayoyin gadon da ba a nufa ba. Iyakar ba wata katanga ba ce da aka gina a wuri ɗaya, wuri ne da ƙarfin enzayim biyu ya yi daidai. Akwai kuma abin da ya ruɗa mutane tun 1996: Rpd3 mai cire asetil ne kamar Sir2, don haka hankali zai ce cire shi zai raunana rufin, amma ƙarfafa shi yake yi. Duk wanda ya haddace cewa asetil yana buɗewa rashinsa kuma yana rufewa, wannan faranti zai ba shi kunya.

Sir2 ɗin nan ya yi suna a wajen ɗakunan bincike saboda batun tsufa, kuma labarin yana da darasi ga mai karanta sakamakon yis. Tun 1959 Robert Mortimer da John Johnston suka nuna cewa uwar yis ba ta haihuwa har abada, tana yin 'ya'ya wajen 20 zuwa 30 sannan ta mutu. Ana ƙirga wannan ne da hannu: mai bincike yana zaune gaban madubin ƙara girma da siririyar allurar gilashi, duk lokacin da uwa ta fitar da toho ya girma sai ya ture 'yar gefe ya rubuta, a yi ta haka kwanaki, da dare a sa farantin a firiji don ƙwayoyin su dakata. A 1999 ɗakin Leonard Guarente na MIT ya nuna cewa cire SIR2 yana rage yawan haihuwar da kusan rabi, ƙara kwafi ɗaya kuma yana ƙara shi da kimanin kashi 30 cikin 100, a 2000 kuma suka gano cewa Sir2 ba ya iya cire asetil sai ya ƙona NAD, sinadarin da yawansa ke bin halin abincin ƙwaya. Wannan sakamako a yis yana nan daram, kuma an san dalilinsa, wato Sir2 yana hana wasu zobban DNA ɓallewa daga wurin da ake ajiye bayanan ribosom, injin da ke ƙera furotin, su taru a cikin uwa. Matsalar ta zo ne da aka ɗauki abin da ya tabbata a yis aka yi tsalle da shi zuwa ɗan Adam. A 2003 aka ce sinadarin resveratrol da ke bawon inabi yana zaburar da enzayim ɗin, a 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris a kan dala miliyan 720 saboda wannan fata, alhali tun 2005 wasu ɗakunan bincike sun nuna cewa zaburarwar da aka gani a kwalba ta dogara ga wata alama mai ƙyalli da aka liƙa wa abin gwajin, a 2013 kuma aka rufe ofishin Sirtris. Zobban DNA ɗin da ke tsufar da yis ba a nuna su ne ke tsufar da mu ba.

Bayan an kammala karanta DNA ɗin yis gaba ɗaya a 1996, wanda shi ne na farko cikin halittu masu ƙwaya irin tamu, sai ɗakunan bincike na Amurka da Turai da Kanada suka haɗa kai suka yi tarin nau'o'in yis da kowanne aka cire masa ƙwayar gado ɗaya, aikin da aka kammala a 2002. A Toronto ɗakunan Charles Boone da Brenda Andrews suka ƙirƙiro hanyar da na'ura mai ɗaruruwan ƙusoshi ke ɗibar yis daga faranti zuwa faranti tana haɗa su barbara, don a samar da masu ɓarna biyu-biyu a auna girman tudunsu da kyamara. Aikin da ake yi da tsinken sakace ɗaya bayan ɗaya ya koma na dubbai a rana, kuma zuwa 2016 sun gwada haɗi wajen miliyan 23. Amfanin wannan ga batunmu shi ne kowace ƙwayar gado tana samun jerin waɗanda ba ta iya rayuwa ba tare da su ba, kuma biyun da jerinsu ya yi kama galibi aiki ɗaya suke yi. Irin wannan kwatance, a aikin Nevan Krogan da Jonathan Weissman a San Francisco, yana cikin abin da ya fallasa Rtt109 a 2007, lokacin da ɗakuna da dama suka gano kusan tare cewa shi ne ke liƙa asetil a laisin na 56 na H3. Jerin amino asid ɗinsa bai yi kama da na kowane enzayim da aka sani ba, don haka neman kama a kwamfuta ba zai taɓa tono shi ba. Aikinsa a kan sababbin histon ne, waɗanda ake ɗorawa bayan an kwafi DNA, kuma yis ɗin da ba shi da shi ba ya jure magungunan da ke karya DNA. Masu goge wannan alama su ne Hst3 da Hst4, 'yan'uwan Sir2, kuma cire su biyun yana jefa yis cikin rashin lafiya mai tsanani, amma idan aka hana liƙa alamar tun farko sai yawancin ciwon ya lafa. Ke nan alamar da ta ƙi gogewa ta fi rashinta illa. Saboda jerin Rtt109 na dangin naman gwari ne, an gwada cire shi a Candida albicans mai sa cuta a jikin mutane, kuma a 2010 aka ga ƙarfin cutarwarsa ya ragu a jikin ɓeraye.

Irin wannan bincike ne kuma ya nuna cewa kiran enzayim ɗin da na histon kuskure ne na tarihi. A 2009 ɗakunan Jef Boeke da Heng Zhu a Jami'ar Johns Hopkins suka jera dubban furotin ɗin yis a kan gilashi suka zuba musu NuA4, sai ya liƙa asetil a kan da yawa da ba su da alaƙa da DNA, cikinsu har da Pck1, enzayim ɗin da yis ke buƙata don ƙera sukari idan babu shi a abinci, wanda kuma Sir2 ke cire masa alamar. A 2012 ɗakin Andrews ya bi wata dabarar: a cire enzayim mai goge asetil, sannan a tilasta wa yis ya yi wani furotin fiye da kima, idan ya mutu alhali ɗan'uwansa mai enzayim ɗin bai mutu ba, to akwai alamar enzayim ɗin ne ke riƙe linzamin wannan furotin. Ta haka suka kai ga Swi4, mai ba da umarnin shiga zagayen rabuwa, wanda Rpd3 ke taɓa shi kai tsaye.

Eco1 ma, wato enzayim ɗin da ECO1 ke samarwa, ba histon yake yi wa aiki ba. Bayan an kwafi kuromosom, wani zoben furotin mai suna kohesin yana riƙe kwafin biyu tare har lokacin rabuwa, kuma an daɗe ana ɗaukar Eco1 a matsayin mai ƙulla wannan riƙo. A 2008 ɗakin Frank Uhlmann a Landan da na Douglas Koshland a Amurka suka nuna cewa yana liƙa asetil ne a laisin na 112 da na 113 na Smc3, ɗaya daga sassan zoben. Amma abin da ya bayyana ma'anar alamar shi ne rayuwar yis ɗin da aka cire wa ECO1 da WPL1 tare. Aikin Wpl1 shi ne buɗe zoben ya saki DNA, kuma asetil ɗin yana hana shi yin haka; idan babu mai buɗewa, buƙatar mai hanawa ta ragu har yis ya iya rayuwa. Ɗan'uwan Eco1 a jikin mutum shi ne ESCO2, kuma a 2005 aka gano lalacewarsa ce ke haddasa cutar Roberts, inda ake haihuwar yara da gajerun hannaye da ƙafafu da tsagaggen leɓe. Esa1 ma, wanda aka yi shekaru ana cewa ba a rayuwa sai da shi, ɗakin Lorraine Pillus a San Diego ya nuna a 2014 cewa yis yana rayuwa ba tare da shi ba idan aka lalata ɗaya daga gungun Rpd3 guda biyu, wato babban. Abin da ke kashe yis marar Esa1 shi ne mai gogewa da ke ci gaba da gogewa babu mai mayarwa.

Akwai wani nau'in liƙa asetil da ba a cika kawo shi cikin wannan zance ba duk da ya fi yawa, wato wanda ake yi a kan farkon furotin tun yana fitowa daga ribosom. Fiye da rabin furotin ɗin yis da wajen kashi 80 cikin 100 na ɗan Adam suna ɗauke da shi, kuma ba a san enzayim da ke cire shi ba. A 1989 aka nuna cewa yis marar NAT1 da marar ARD1 ciwonsu ɗaya ne: girma a hankali, kasa shiga hutu idan abinci ya ƙare, da buɗewar ɗaya daga wuraren ajiyar bayanan jinsi. Cire su biyun tare bai ƙara komai a kan cire ɗaya ba, kuma wannan a wurin mai nazarin gado alama ce cewa sassan inji guda ne, abin da aka tabbatar daga baya aka kira injin NatA. Dalilin buɗewar wurin ajiyar kuwa sai a 2004 aka gane shi, cewa Sir3 da Orc1 ba sa kama histon da kyau sai an liƙa wa farkonsu asetil. Wani injin irinsa mai suna NatB yana yi wa furotin ɗin da ke ƙarfafa igiyoyin aktin na cikin ƙwaya aiki, NatC kuma an fara gano sassansa ne saboda wata ƙwayar birus da ke zaune a cikin yis ba ta iya haɗa ɓawonta idan babu su. Fred Sherman na Rochester ya yi shekaru yana rarrabe wane inji ke taɓa wane furotin gwargwadon amino asid biyun farko. A 2011 aka bayyana cutar Ogden, wadda aka sa wa sunan wani gari a jihar Utah, inda yara maza na dangi ɗaya ke mutuwa tun suna jarirai saboda sauyin amino asid ɗaya a ɗan'uwan Ard1 na mutum. Tunda sassan NatA na mutum suna iya maye gurbin na yis, ɗakin Thomas Arnesen a Bergen ta ƙasar Norwe ya dasa mai lahanin a cikin yis ya auna yadda aikinsa ya ragu.

Inda nake da ja da yadda fannin ke tafiya shi ne batun jerin sunaye. Na'urar auna nauyin sinadarai ta nuna wurare 3,600 masu asetil a kan furotin 1,750 na ɗan Adam a 2009, ta kuma nuna wajen 4,000 a yis a 2012, kuma sau da yawa ana maganar kowane wuri kamar makunni ne da ƙwaya ke sarrafawa. Amma ɗakin Chunaram Choudhary a Kopenhagen, wanda yana cikin waɗanda suka fitar da jerin, ya nuna a 2014 cewa a yawancin wuraren ɗan ƙaramin kaso ne na kwafin furotin ɗin ke ɗauke da alamar, kuma an nuna cewa asetil-CoA yana iya mannawa laisin da kansa ba tare da wani enzayim ba, musamman a cikin maitokondiriya, sashen ƙwaya mai samar da makamashi, inda yake da yawa. Wannan bai rage darajar asetil-CoA a matsayin sigina ba, domin tun 2006 aka nuna cewa idan enzayim Acs2 mai samar da shi ya tsaya asetil ɗin histon yana zubewa, a 2011 kuma Benjamin Tu a Dallas ya nuna cewa hauhawarsa ce ke sa Gcn5 ya kunna ƙwayoyin gadon girma. Sai dai yana nufin ganin alama a wuri bai isa hujjar cewa tana da aiki ba. Gwajin da ake yi shi ne a sauya laisin ɗin zuwa arjinin, wanda ke riƙe da cajin amma ba ya karɓar asetil, ko zuwa gulutamin, wanda ba shi da caji don haka yake kwaikwayon mai asetil, sannan a duba ko yis ɗin ya canza, a kuma duba ko na biyun zai iya ceton ƙwayar da aka cire wa enzayim ɗin. Shi ma gwajin yana da raunin da ya kamata a sani. Tun 1999 aka gano cewa wasu furotin, har da Gcn5 kansa, suna da wani aljihu da ke kama laisin mai asetil takamaimai, kuma gulutamin ba ya cika wannan aljihu yadda ya kamata, laisin ɗin kuma yana iya karɓar wasu alamomin daban irin su metil da yubikwitin waɗanda sauyin zai hana su ma. Saboda haka a kan Smc3 ba a tsaya ga sauya laisin ba, sai da aka samu nau'o'in yis da suka tsira daga lalacewar Eco1 da kansu, aka karanta DNA ɗinsu, aka tarar sauyin wasu ya faɗa a kan laisin na 113, na wasu kuma a kan WPL1.